N487,000 sun tafi ta linkin da na duba da idona

Jama'a, har yanzu ban dawo daidai ba. N487,000 wani ɗan damfara ya kwashe min ta linki. Kuɗin shinkafar da na sayar ne, da su zan sayi taki da man injin ban ruwa na noman rani a fadamarmu ta Argungu, kuma dubu 150 a ciki ajiyar ƙanena ce. Ban iya faɗa masa ba tukuna.

Masu cewa ganganci na yi, ku tsaya ku ji. Na duba adireshin. Wallahi na duba, harafi bayan harafi. Shekara biyu ina biyan kuɗi ta manhajar kuɗi da ke wayata, na san sunan shafinsu kamar sunan 'ya'yana. Linkin da mutumin ya turo da sunan shafin na gaskiya ya fara, ga alamar kwaɗo a gefe. Me kuma ake so mutum ya duba?

A zauren WhatsApp na manoma na same shi, ya ce yana da takin yuriya a sito a Birnin Kebbi, buhu goma zai ba ni. Ranar Talata ke nan. A'a, Litinin ya fara kirana, don na tuna ina fitowa daga sallar La'asar. Muryar dattijo, "Alhaji" sama "Alhaji" ƙasa. Shi da bakinsa ya ce kada in tura masa kuɗi kai tsaye, in biya ta manhajar don hankalina ya kwanta. Wannan maganar ita ta kashe min jiki. Ɓarawon da ke cewa kada a ba shi kuɗi a hannu!

Na danna. Shafin gaskiya ya buɗe, na sa lambar wayata da kalmar sirri. Sai allon ya yi fari na ɗan lokaci, ƙiftawar ido, ya dawo da launi iri ɗaya da tambari iri ɗaya, ya ce an samu kuskure, in sake. Na sake. Ya nemi lambar sirrin cire kuɗi, na sa. Saƙo ya shigo da lambar OTP, na kwafa na sa. Wannan farin allon nake ta gani ko a barci. A nan ne aka fitar da ni daga shafin gaskiya, ni kuwa ban sake ɗaga ido sama ba, don na riga na duba.

Alat uku: 200,000, 200,000, sai 87,000. Ko minti biyar ba a yi ba. N487,000.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a Aliero ya karɓi wayar ya miƙe linkin gaba ɗaya. Ya ce, "Kawu, dubi wutsiyarsa." Can bayan alamar tambaya akwai wani adireshi daban a maƙale, an cusa shi cikin haruffa da alamomin % yadda ido ba zai kama ba. Ya ce wannan gurbin shi ke gaya wa shafi inda zai kai mutum bayan ya shiga. Kamata ya yi shafin ya riƙe jerin adireshinsa, duk wanda bai yi daidai da su ba ya ƙi. Nasu kuwa duk inda aka rubuta can yake jefa ka. Ya ce wasu shafukan suna duba farkon suna kawai, sai ɓarawo ya ɗauki sunansu ya ƙara nasa a baya ya wuce. Kwaɗon ma, in ji shi, abin da yake nufi kawai shi ne wani ba zai leƙa saƙonka a hanya ba, shafin ɓarayi ma yana samunsa kyauta.

Abin da ya fi ƙona min rai, ya ce tun 2010 ƙungiyar OWASP, ta masana tsaron shafukan intanet, ta sa wannan ɓaraka cikin manyan guda goma da masu gina shafi za su toshe. Tun 2010! Amma da na kira masu manhajar sai wata ta ce ai ni na bayar da lambata. Ta ƙofarku aka wuce da ni, baiwar Allah.

Na manta, kafin duk wannan ya turo min bidiyon buhuna jere a sito. Yanzu layinsa a kashe. Hotunan hirarmu da alat ɗin da linkin duk suna wayata, zan ɗora su da dare in na rufe lambobina.

Kada ku shiga asusunku ta linkin kowa, ku buɗe manhajar da hannunku. In an ce ku sake sa kalmar sirri, ku dubi adireshin sama sabo.

Gobe zan koma ofishin 'yan sanda da takardar banki. Daga can sai gidan ƙanena.