Tuka-tuka, janareto ko sola: wane famfo za ku saya wa ƙauyen da babu lantarki?

Wata bakwai kacal rijiyarmu ta farko ta yi tana ba da ruwa. Mu 'yan ƙungiya ne, ma'aikata da 'yan kasuwa, muka haɗa karo-karo don wani ƙauyen Maguzawa da ke kudancin Kano, mai rugar Fulani a gefensa, inda mutane da shanu suke shan kududdufi ɗaya da damina, da rani kuma mata su tashi tun asuba su tafi tonon yashi a rafi. Ranar da na koma na tarar da famfunan a bushe, Mai'unguwa bai yi mini faɗa ba. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo mini ruwa a ƙwarya, ruwan ja wur da ƙasa, ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, shi muke da shi." Na ce, "Baba, mu ne za mu ba ku haƙuri." Tun daga ranar nake bin masu haƙa da masu sayar da kaya da tambaya, kuma abin da na tara ne zan shimfiɗa wa duk ƙungiyar da ke shirin irin wannan aikin gayya.

Kafin ku taka kasuwa, ku zauna ku yi lissafin baki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake buƙata a yini. A ce ƙauyen mutum 500 ne, lita 10,000 ke nan. Idan akwai ruga kusa, kada ku yi kamar ba ku gan ta ba, domin shanun za su zo ko kun so ko ba ku so ba, kuma saniya ɗaya tana iya shanye lita 30 a bazara. Shanu 200 sun ƙara muku lita 6,000. A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar ana samun kamar awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana, don haka famfon da zai cika lita 16,000 sai ya iya ɗaga kusan lita 3,000 a awa. Wannan adadi, da zurfin ruwan, da tsawon ƙafar tanki, su ne za ku kai wa mai kaya. Duk wanda ya yanke muku farashi bai tambayi waɗannan ukun ba, ku tashi daga shagonsa.

Janareto ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, kuma ƙauyen da ke sayar da tiyar dawa ya sayi magani ba zai ciyar da inji kullum ba.

Tuka-tuka kuwa ina girmama shi. India Mark II da Afridev sun shayar da karkarar Afirka shekaru da dama, a Nijar kuma akwai Vergnet da ake takawa da ƙafa. Idan gidajen ba su da yawa, ruwan kuma bai wuce zurfin mita 45 ba, Afridev ya wadatar, tunda an ƙera shi ne yadda mutanen ƙauye za su iya zaro sandunansa su canza roba da kansu. Amma jarka ɗaya tana cin kusan minti biyu, mutum 250 zuwa 300 ake yi masa lissafi, kuma babu yarinyar da za ta tuƙa wa garken shanu ruwa.

Saura sola, kuma a nan ne mutane suke ruɗewa, domin iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ya ƙone mu: a sayi sumo na gida, wato famfon da ake zurawa cikin ruwan rijiya, mai aiki da wutar NEPA, a haɗa masa inbata da batura da farantan sola. Yana da araha ranar saye. Amma batirin gubar nan ba ya son zafi, ba ya son a zuƙe fiye da rabinsa, kuma a ƙauye kullum sai an zuƙe shi tas, ga masu cajin waya sun yi layi. Namu batura huɗu ne a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano. Bazara ɗaya ta kumbura su.

Na biyun shi ne zaɓina, kuma ba na ɓoyewa: famfon da aka ƙera musamman don rana, wanda yake karɓar wuta kai tsaye daga faranti ba tare da batir ko inbata ba. Rana ta fito ya fara juyawa a hankali, da azahar ya yi ƙarfi, da magariba ya tsaya. Maimakon ku adana wuta a batir, sai ku adana ruwa a tanki, tankin roba kuwa yana shekaru bai nemi komai ba sai wanki. Fitattun da na sani biyu ne, Grundfos SQFlex na ƙasar Denmak da Lorentz na Jamus. SQFlex na'urar sarrafa shi tana can cikin injin famfon a ƙarƙashin ruwa, yana kashe kansa idan ruwan rijiya ya ja baya, yana kuma karɓar wutar janareto idan aka shiga makon hadari a watan Agusta. Lorentz kuma akwatin sarrafa shi a waje yake, don haka in ya samu matsala ba sai an zaro famfo daga rami ba, abin da duk wanda ya taɓa jan bututu mita 60 da hannu zai gane darajarsa. Dukansu suna da samfuri biyu. Akwai mai murɗaɗɗen ƙarfe a cikin roba, wanda ya fi dacewa da rijiya mai zurfi mai ƙarancin ruwa, irin ta ƙasar duwatsu kamar yawancin Kano da Kaduna da Katsina. Akwai mai fanka-fanka a jere, wanda ya fi ba da ruwa mai yawa inda ruwan yake kusa. Mai murɗaɗɗen ƙarfen yashi ne abokin gabarsa, saboda haka sai an wanke rijiya har ruwanta ya yi garau kafin a zura shi. Tsadarsu gaskiya ce, musamman tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Akwai na Sin masu rahusa, wasu suna aiki, amma ku tambayi mai shago inda za ku samu akwatin sarrafawa idan ya ƙone. In ya fara kame-kame, kun samu amsa. Ni gara mu jinkirta aiki wata shida mu cika kuɗin na ƙwarai, araha ba ta ado.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe ido sosai, domin jabu ya yi yawa a wannan harka, kuma kuɗin marayu da na zakka ake ci.

Faranti ba ya iya ƙarya da girmansa. Kowace murabba'in mita ta faranti mai kyau wajen wat 200 zuwa 230 take bayarwa. Farantin wat 550 na manyan kamfanoni irin su Jinko, Longi ko JA Solar yana da tsawon kusan mita 2.27, faɗin mita 1.13, nauyinsa kuma wajen kilo 27 ko 28. Namu na farko an liƙa masa takardar wat 300 da sunan wani babban kamfani. Da na zo na auna daga baya, tsawonsa bai kai mita ɗaya da rabi ba, faɗinsa bai kai santimita 70 ba. Da na je da tef ɗin awo ranar saye, da ban biya ba. Ku tafi da tef, ku tafi da na'urar gwajin wuta, ku sa a fito da kowane faranti rana tsaka a gwada shi ɗaya bayan ɗaya, ba guda ɗaya da mai shago ya zaɓo ba. Ku duba lambar da ke ƙarƙashin gilashi, ta asali a ciki take, ba a iya ɓanɓare ta da farce, kuma dole ta yi daidai da ta baya. Idan kun ga tabo ruwan ƙasa kamar ƙuna, ko layuka kamar sawun dodon koɗi, gwanjo ne aka goge aka sa a sabon kwali. Sannan ku ƙara faranti a kan lissafi, domin zafi yana rage ƙarfinsa, ƙurar hunturu kuma ta fi zafin ɓarna idan ba a gogewa.

Waya ma haka. Ana sayar da alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a matsayin jan ƙarfe zalla. Ku kankare silin da wuƙa, in cikinsa fari ne ku ajiye. Ko ku kunna masa ashana, alminiyam zai lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya. Famfon kansa ana kwaikwayonsa har da kwali da tambari, don haka ku saya wurin dilan da kamfanin ya amince da shi, ku karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da takardar garanti, ku kuma tsaya a buɗe kwalin a gabanku a bakin rijiya. An sha nuna na asali a shago a zura wani a rami.

Masu haƙa kuwa, akwai na kirki da yawa, amma a nan aka fi cutar ƙungiyoyin da ke zaune a birni suna turo kuɗi ta waya. A biya mita 60 a haƙa 35, da damina ruwa ya yi ta zuba kowa ya yi murna, watan Afrilu ya zo rijiya ta ƙafe. Maganin shi ne a sa mutum biyu daga ƙauyen su zauna a gindin motar haƙa, su auna tsawon sanda ɗaya, su riƙa jefa tsakuwa a kwano duk sandar da ta shiga. A ƙasar duwatsu kada ku yarda a haƙa sai an yi binciken ƙasa da na'ura, kuma ku leƙa ofishin RUWASSA, hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara, na jiharku ku tambayi zurfin rijiyoyin yankin. Ku nace a zuba tsakuwar tacewa a gefen bututu, a toshe saman da siminti don kada ruwan kashin dabbobi ya gangara ciki, a kuma ja ruwa na awanni a jere a ga ko rijiyar za ta ɗauki famfon da kuka zaɓa. In da hali, ku haƙa a bazara, lokacin da ruwan ƙasa ya fi nisa. Ƙafar tanki ma kada a yi wasa da ita: lita 10,000 tan goma ne a saman kan yara masu ɗiban ruwa.

A karo na biyu mun canza abubuwa uku da ba a sayen su a shago. Mun yi wa shanu kwami nesa da famfunan mata, bayan Ardo da Mai'unguwa sun zauna sun yanke lokacin shayarwa da kansu. An kafa kwamiti mai mata biyu a ciki, ana karɓar ɗan abin da aka amince a kan jarka da kan garke, ana rubutawa a littafi. Sannan muka ɗauki wani saurayi ɗan ƙauyen ya tsaya tare da mai haɗa kayan tun daga farko har ƙarshe. Shi ne yake goge farantan da tsumma da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, shi ke riƙe da makullin shingen da aka yi wa walda, lambar dilan kuma tana rubuce da fenti a jikin ƙafar tanki. Tsohon tuka-tukan da ke bakin kasuwa ma mun gyara shi da ragowar kuɗin, mun bar wa kwamiti robobinsa guda biyu a cikin leda, saboda ranar da za a zaro famfon sola don dubawa.