Sayayyar jego: inda ya kamata kuɗin maigida su fara shiga

A ƙauyukanmu na gefen Wudil, da cikin mace ya shiga wata bakwai za ka ga maigida ya fara jibge itace a bayan ɗaki. Daga nan kuma hankalinsa ya koma kan ragon suna da atamfar fitar suna. Ita mai jegon, wadda za ta zubar da jini ta kuma shayar, sai abin da ya rage a aljihu. Malam, da kai nake, da kuma Inna wadda 'yarta za ta zo wankan gida.

Makamashi ba ya buƙatar dogon bayani. Kara kyauta ne bayan girbi, amma yana ci kamar takarda, sai an ajiye yaro yana turawa. Gawayi a ƙarƙashin babbar tukunyar wanka asarar kuɗi ce. Busasshen itace ya fi, a saye shi tun kafin damina ta sauka. Zafin ruwan ne abin lura. Ƙanwata ta yi jegon fari a gabana, tsohuwar da ke mata wanka tana tsoma ganyen darbejiya cikin ruwan da aka sauke yanzu, tana fyaɗa mata a gadon baya, wai sai haka jiki zai gasu. Cikin kwana uku bayanta ya yi bororo, rigingine ma ta gagare ta. A sirka ruwan, mai wankan ta gwada da gwiwar hannunta. Wadda aka yi wa tiyata ko ɗinki kuwa, ta bi abin da aka gaya mata a asibiti.

Sai audugar mata da tsumma. Jinin biƙi kan kai har mako shida, amma ya fi yawa a kwanakin farko. A makon farko ni dai audugar haihuwa nake zaɓa, mai faɗin nan, ba ƙaramar ta al'ada ba. Ban da tsafta, tana ba da lissafi: idan guda ta jiƙe sharkaf cikin awa ɗaya, wannan jinin ya wuce ƙa'ida, a nufi asibiti. Bayan mako guda, tsohon zanen auduga da aka yayyanka ya isa, matuƙar za a wanke da sabulu a shanya a rana. Matsalar ita ce kunya, wadda ke sa mata su shanya shi a ƙarƙashin gado ya kwana da danshi.

Wajen abinci ne aka fi kashe kuɗi a banza. Kauri al'ada ce, kuma romonsa da yajin daddawa yana buɗe baki, ban ce a daina ba. Sai dai ƙafar saniya ƙashi ce da fata. Sinadarin ƙarfen da ke mayar da jini yana cikin hanta da jan nama da wake da zogale. In ka shiga kasuwar Wudil ranar Juma'a da kuɗin ƙafa huɗu, sayi biyu, sauran a riƙa sayo mata hanta da ƙwai har bayan suna, lokacin da baƙi suka watse aka manta da ita. Haka ma kwalaben ƙarin jini masu zaƙi da ake jerawa a kemis: ƙwayar fasolet da folik asid da ake bayarwa wajen awo sun fi su araha nesa ba kusa ba, kuma su ne aikin. Za su iya mayar da bayan gida baƙi, wannan ba komai ba ne.

Kunun kanwa fa? Kanwa gishiri ce a wata kama, tana riƙe ruwa a jiki tana ɗaga hawan jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan shanta da zafin jego da ciwon zuciyar masu jego. Wadda ƙafarta ta kumbura da ciki, ko aka ce jininta ya hau, a dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya. Nono yawan tsotson jariri ke kawo shi, da ci da sha.

Gidan sauro mai magani kada a tsallake shi, musamman in haihuwar ta faɗo a damina.

Kafin ka taya rago, ware kuɗin mota ka ba Inna ta ƙulle a bakin zane, ka kuma karɓi lambar direban da zai tashi ko da ƙarfe biyun dare ne. Zazzaɓi, jini mai wari, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko haki in ta kwanta, duk ba na jiran gari ya waye ba ne. Ko lafiya ƙalau take, a duba ta a ranar haihuwa, da kwana na uku, da mako na biyu, sannan a mako na shida wajen arba'in. Kuɗin waɗannan zuwan ma a sa su cikin ƙullin.