Kare mai nuni ko kare mai tayarwa: wanne ya fi dacewa da farautar fezan na daji?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu da ke zaune a jihar Minesota ta Amurka ya ce abokin aikinsa ya ɗauke shi farautar fezan a kakar da ta wuce, abin ya kwanta masa a rai har ya yanki lasisi, yanzu kuma yana shirin sayen kwikwiyo, sai dai masu ba shi shawara sun rabu gida biyu, wasu sun ce ya nemi kare mai nuni, wasu sun ce mai tayarwa. Tambayarsa ita ce wanne ya fi. Malam, na yi shekaru ina bin bayan iri biyun a daji, don haka zan nuna maka inda kowanne ya fi ɗan'uwansa, sannan in faɗi wanda zan ɗauka da ni ne a matsayinka.

Ba a maganar kare sai an san halin tsuntsun, domin shi ne zai raba gardamar. Ga 'yan'uwan da ba su taɓa ganinsa ba, fezan dangin makwarwa ne amma ya fi ta girma, zakaransa ya kai zabo nauyi, wato kilo ɗaya da ɗoriya, yana da farin zobe a wuya da doguwar jela. Asalinsa na Asiya ne. Owen Denny, wakilin Amurka a Shanghai, shi ya aiko da shi Oregon a farkon shekarun 1880, a 1908 kuma aka saki wasu kusa da garin Redfield a Dakota ta Kudu, jihar da ta mayar da shi tsuntsunta na hukuma a 1943, kuma a yawancin shekaru ana harbin zakaru sama da miliyan ɗaya a cikinta. Abin da za ka riƙe daga duk wannan shi ne fezan na daji ya fi amincewa da ƙafarsa a kan fiffikensa. Wanda ya taɓa bin zabin daji a gida ya san irin wannan hali: da ya ji motsi sai ya sunkuyar da kai ya sulale cikin ciyawa, ya yi gaba, ya kewayo ta bayanka, ba zai tashi ba sai ya rasa mafita. Wanda aka yi kiwonsa a keji aka sake shi da safe a filin farautar kuɗi ba haka yake ba, yakan laɓe ya jira, kowane kare kuma yakan yi fice a kansa. Kada ka auna kare da irin wannan tsuntsu.

Kare mai nuni, kamar Foyintan Jamus mai gajeren gashi ko Seta na Ingila ko Biritani, aikinsa shi ne ya yi nisa da kai yana neman ƙanshin tsuntsu a cikin iska, wani lokaci mita 100 ko fiye, idan ya samu sai ya ƙame wuri ɗaya, hanci a miƙe, ya jira ka iso ka tayar da tsuntsun da ƙafarka. Kare mai tayarwa, kamar Labrado ko Sifiringa, ba ya jira. Yana kai da komo a gabanka, idan ya hau sawu sai jelarsa ta kama kaɗawa da sauri, ya danna cikin ciyawar ya tilasta wa tsuntsun tashi. Tun da bindigar tsuntsu ba ta da tasiri sosai bayan mita 35 zuwa 40, shi kuma fezan yakan tashi gaba da hancin kare, wajibi ne mai tayarwa ya tsaya cikin mita 20 zuwa 25 daga gare ka, in ba haka ba sai dai ka riƙa kallon zakaru suna tashi daga nesa.

Inda bambancinsu ya fi fitowa shi ne a kan zakaran da ke gudu, kuma a nan zan daɗe. Duk hikimar nuni ta ginu ne a kan tsuntsun da ke yarda ya kwanta idan kare ya matsa masa. Tsohon zakara sau da yawa ba ya yarda. Kare zai ƙame, ka taho da sauri zuciya na bugawa, ka tarar da wurin wayam, tsuntsun ya riga ya yi mita 50 a gaba. Ƙwararren mai nuni yakan koyi sakin tsayuwarsa da kansa, ya bi a hankali, ya sake ƙamewa, ya sake bi, har ya kai tsuntsun inda ciyawa ta ƙare ya danne shi a can, wasu ma sukan koyi kewayawa su tare masa gaba. Ban taɓa ganin abin da ya kai wannan kyau a farauta ba. Sai dai wannan ilimi ne da ba a koyar da shi a tsakar gida, tsuntsayen daji ne kaɗai ke koyar da shi, kuma yakan ci kaka biyu ko uku na yawan fita kafin ya zauna. Kafin nan ƙaramin kare zai yi ta kusantar tsuntsu fiye da kima yana tayar da shi nesa da bindiga, ko kuma ya yi ta ƙamewa a kan makwancin da aka riga aka bari.

Mai tayarwa ba shi da wannan ruɗani, domin gudun tsuntsu bai saɓa wa aikinsa ba. Zakara ya gudu, shi ma ya sa hanci a ƙasa ya bi. Matsalarsa ta daban ce, ita ce idan tsuntsun ya miƙe a guje kare zai so ya wuce iyakar bindiga, sai ya rage gare ka ko dai ka ɗaga ƙafa ka bi shi, ko ka busa usur ya zauna har ka iso. Idan kare ya iya zama da busa ɗaya, kuma ka iya karanta jelarsa, to tun kakarsa ta farko zai riƙa sa maka tsuntsu a jaka. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa Labrado ya cika filayen fezan.

Daga nan sai irin filin da za ka taka. A shimfiɗaɗɗiyar ciyawa wadda ba ta wuce gwiwa ba, irin gonakin da gwamnatin Amurka ke biyan manoma su bar su su huta a ƙarƙashin shirin da ta kafa a 1985, mai nuni ya yi wa mai tayarwa nisa. Mutum ɗaya da Labrado a tsakiyar fili mai faɗin kilomita guda, layi ɗaya siriri kawai suke sharewa, alhali Foyinta zai caje dama da hagu ya nemo maka tsuntsun da ba za ka taɓa bi ta kansa ba. Amma da an shiga Disamba, an gama girbin masara, dusar ƙanƙara ta kwantar da ciyawa, fezan yakan koma fadamun da ruwansu ya daskare, cikin kacalla, irin wadda mutanen Haɗeja da Nguru suka sani, wadda take fin mutum tsawo. A cikinta ba ka ganin karenka ko da yana taku biyar daga gare ka. Mai nuni zai iya ƙamewa a ciki ka yi ta nemansa, shi ya sa masu irinsa suke rataya masa ƙararrawa ko na'urar da ke nuna inda yake ta tauraron ɗan'adam, kuma ko ka same shi, sai ka kutsa cikin duhuwar ka tayar da tsuntsu a wurin da ɗaga bindiga ma wahala ne. Mai tayarwa kuwa ya shiga ya yi ta fasa kacallar, kai kana gefe a sarari kana jira. Haka yake a karan masara ko dawar da aka bari a tsaye, inda layukan shuka suke zame wa zakara hanyar gudu. Kudu maso yammacin Minesota, inda za ka fi zuwa, tana da irin waɗannan fadamu da ƙananan filayen gwamnati da yawa.

Idan farautar taro za ka riƙa yi, a jera mutum takwas ko goma ana tafiya kafaɗa da kafaɗa, wasu kuma sun tare ƙarshen gona, mai tayarwa ne ya dace, domin layi ba ya tsayawa jiran kare ɗaya.

Akwai wurin da zan ba mai nuni haƙƙinsa ba tare da ja ba, wato wajen natsuwar harbi. Doka ta hana harbin mace, zakara kawai ake ɗauka, biyu a rana a Minesota har ƙarshen Nuwamba, uku daga 1 ga Disamba, uku kuma a Dakota ta Kudu. Hikimar ita ce zakara ɗaya ya ishi mata da yawa, don haka rage zakaru ba ya hana ƙyanƙyasa a shekara mai zuwa. Sabon maharbi yana buƙatar ɗan lokaci ya tantance launi da jela kafin ya taɓa kunamar bindiga, musamman idan rana tana fuskarsa. A bayan karen da ya ƙame za ka iso ka gyara tsayuwa, ka duba inda abokan tafiyarka suke, sannan tsuntsu ya tashi kusa. A bayan mai tayarwa abin yakan zo a fujaja'a, kuma karen yakan yi tsalle ya bi tsuntsun, saboda haka kada ka taɓa harbin wanda ya tashi ƙasa-ƙasa, ka bari sai ka ga sararin sama a ƙarƙashinsa. Ka kuma sani cewa yawancin nunin da za ka taras mata ne, domin su suka fi laɓewa.

Abin da masu sayen kare suka fi mantawa da shi, ni kuwa shi na fi ba nauyi, shi ne abin da ke faruwa bayan harbi. Zakaran fezan yana da taurin rai. Idan harsashi ya karya fiffike bai taɓa ƙafa ba, kafin ka isa inda ya faɗi ya ɓace, kuma ba ƙaramin ciwo ba ne mutum ya raunata halitta ya bar ta ta mutu a banza. Labrado don ɗauko abin da aka harba aka samar da shi tun asali, yana lura da inda tsuntsu ya faɗi, yana bin sawun mai rauni komai nisa, yana shiga ruwan sanyi ba gardama. Sifiringa ma haka. A cikin masu nuni, irin na Jamus suna da ƙoƙari ƙwarai a wannan fanni, amma Seta da Foyintan Ingila da yawa sai an dage musu da horo, domin hankalinsu ya fi karkata ga neman tsuntsu na gaba. Ga Musulmi akwai ƙarin dalili. Halaccin farauta da horarren kare yana cikin aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, hadisin Adiyyu bin Hatim kuma ya yi bayanin ambaton sunan Allah da hukuncin karen da ya ci daga abin da ya kama. A wannan farauta bismilla ake yi lokacin harbi, wanda kuma aka same shi da sauran rai sai a yanka, don haka karen da zai kawo maka tsuntsu da sauri, bai matse shi da haƙori ba, bai yage shi ba, shi ne zai ba ka damar yanka. Kada wuƙa mai kaifi ta bar aljihunka.

Wajen yanayi kowanne da lokacinsa. Makonnin farko na farautar, a Oktoba, sukan zo da zafi, kuma Labrado mai kauri, musamman baƙi, yakan galabaita da wuri. A buɗe farautar 2003 a Dakota ta Kudu zafi ya kashe karnuka masu yawa, galibi waɗanda suka yi ƙiba a gida ba a motsa su ba. Foyinta ya fi jure zafi da doguwar tafiya, amma idan hunturu ya kankama gajeren gashinsa ba ya kare shi, sai an sa masa riga. Seta da Sifiringa kuma gashinsu yana kwasar ƙaya, har da wata irin ƙarangiya da ke yankunan rairayi na Nebraska da Kansas, kowace dawowa sai ka zauna tsefewa.

Ka kuma tuna farautar a jiharku daga tsakiyar Oktoba ne zuwa farkon Janairu, sauran wata tara kare yana gida tare da kai. Foyintan Jamus yana buƙatar gudu na gaske kusan kullum, idan bai samu ba zai huce a kan kayan gidanka. Labrado ma yana son motsi, amma ya fi saurin natsuwa, horonsa kuma mai aiki zai iya yi da kansa da yamma: ya zo idan an kira, ya zauna da usur, ya tsaya kusa, ya kawo har hannu. Horon nuni yana buƙatar tsuntsaye masu rai, tantabaru ko makamantansu, sau da yawa har da biyan mai horarwa.

Saboda haka, da ni ne kai, sabon shiga mai kare ɗaya da hutun ƙarshen mako kawai, mai farauta a fadamun Minesota, Labrado zan saya. Zan canza wannan shawara ne kawai idan ka ce kai mai son tafiya ne kai kaɗai a buɗaɗɗen fili, kana da lokacin fitar da kare kullum, kuma kallon aikinsa ya fi maka nauyin jaka daɗi. Idan haka ne, ka nemi Foyintan Jamus, domin shi ya haɗa nuni da ɗauko tsuntsu. Ko wanne ka zaɓa, ka nemi kwikwiyon da iyayensa suke farautar fezan na daji da gaske, ka roƙi mai su ya nuna maka uwar a fili, ka ga takardun gwajin ƙugu da idanu. Idan ya iso hannunka, kada ka harba bindiga a kusa da shi da farko, ka fara daga nesa lokacin da hankalinsa yake kan tsuntsu, ka riƙa matsowa sannu a hankali cikin makonni, domin karen da ya tsorata da ƙarar bindiga yana da wuyar gyarawa.