Ofishin Jagorancin Karatu na Wata Ƙaramar Kwaleji a Amurka: Abin da Na Gani Cikin Shekara Uku

Na yi shekara uku ina hulɗa da ofishin jagorancin karatu na wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a Amurka, irin kwalejojin nan da digirinsu ke haɗa adabi da tarihi da kimiyya da lissafi kafin ɗalibi ya zurfafa a fanni guda. Na shigo ta ne daga kwalejin al'umma, irin mai karatun shekara biyu, inda na yi shekara ɗaya na tara kiredit 30, wato ma'aunin da ake ƙirga nauyin kwasa-kwasan da ɗalibi ya kammala da shi. Aikin ofishin shi ne tabbatar da cewa ɗalibi ya cika sharuɗɗan kammala digiri a kan lokaci, kuma yana yin hakan ta hanya biyu: malamin da ake haɗa kowane ɗalibi da shi, da shafin intanet da ke lissafa abin da aka cika da abin da ya rage. Malamar da aka ba ni ta yi mini fiye da abin da na zata, shafin kuwa saura ƙiris ya ja mini ƙarin zango guda.

Sharuɗɗan da ofishin ke kula da su ba su bambanta sosai da na yawancin kwalejojin ƙasar ba. Ana buƙatar kiredit 120, wato 15 a kowane zango har zango takwas. Kusan kashi ɗaya cikin uku yana tafiya ne ga darussan gama-gari, wani kashin ga fannin da ɗalibi ya zaɓa ya ƙware a kai, ragowar kuma zaɓin ransa ne. Dole matsakaicin makinsa ya kai 2.0 bisa ma'aunin 4.0, a jimlace da kuma cikin fanninsa, sannan a kwalejinmu sai an yi rabin kiredit ɗin a cikinta. Darussan gama-gari sun ƙunshi kwas biyu na rubutu, ɗaya na lissafi ko ƙididdiga, ɗaya na kimiyya mai aikin ɗakin gwaji, da wasu daga ilimin zamantakewa da falsafa ko tarihi da fasahar zane ko kiɗa, sai harshe na biyu har zuwa matakin tsakiya.

Abin da na fara yaba wa ofishin shi ne ƙa'idar da na fi ƙi da farko: ba a buɗe wa ɗalibi rajistar zango sai ya zauna da malaminsa. Na shiga ofishin malamar tawa, farfesa ce a sashen tarihi, da jerin kwasa-kwasai huɗu, uku na tattalin arziki da ɗaya da abokai suka ce mini ba ya wahala. Ta ɗauko farar takarda ta ja layi shida, ɗaya ga kowane zangon da ya rage mini, ta ce in rubuta adadin kiredit ɗin da na yi niyyar ɗauka a kowanne. Na rubuta 12, domin shi ne mafi ƙarancin abin da ake buƙata daga mai bizar ɗalibi ta F-1 don a lissafa shi cikakken ɗalibi. Ta ce in haɗa. Da 30 ɗin da na zo da su, lissafin ya tsaya a 102, saura 18. Ta ƙara da cewa wanda ya fara daga aji ɗaya yana ɗaukar 12 duk zango zai wayi gari bayan shekara huɗu da 96 kacal, giɓin 24 ke nan, kusan shekara guda ta ƙarin kuɗin makaranta. Wannan lissafin bai ɗauke ta minti biyar ba, amma babu inda na taɓa ganin an shimfiɗa shi haka a takardun kwalejin.

Daga nan ta koma kan kwas ɗin da aka ce ba ya wahala. Na ce mata, “Farfesa, ni dai so nake in sauke waɗannan darussan in fuskanci abin da ya kawo ni.” Ba ta yi mini faɗa ba. Ta bayyana mini cewa asalin wannan tsari yana komawa ne ga fannoni bakwai da makarantun Turai na da suke koyarwa, wato nahawu da balaga da manɗiƙi, sai lissafi da handasa da kiɗa da ilimin taurari, kuma jami'o'in Amurka sun daɗe suna muhawara kan yawan 'yancin da ya kamata a bar wa ɗalibi. Charles Eliot, wanda ya shugabanci Jami'ar Harvard daga 1869 zuwa 1909, ya sakar wa ɗalibai mara su zaɓi kusan duk abin da suke so. Jami'ar Columbia ta bi wata hanyar, inda a 1919 ta fara wani kwas kan wayewar zamani wanda har yau wajibi ne ga ɗaliban kwalejinta. A 1945 wani kwamiti na Harvard ya fitar da rahoton da ya ƙarfafa ilimin gama-gari bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1969 kuma Jami'ar Brown ta soke tilasta wa ɗalibai rarraba darussa a fannoni. Kwalejinmu tana tsakiya ne, ta ƙayyade fannonin, ta bar wa ɗalibi zaɓin kwas a cikin kowanne. Irin wannan tsari yana da rauni guda a ganina: idan babu mai jagora, ɗalibi zai tsinci kwasa-kwasan da ba su da alaƙa da juna, ya fita da takarda cikakkiya alhali bai ga abin da ya haɗa su ba. Malamar ta toshe wannan kafa. Ta sa na ɗauki ilimin duwatsu da albarkatun ƙasa a matsayin kimiyyata, da tarihin juyin masana'antu a zangon da ya biyo baya, kuma daga waɗannan biyun ne na samo batun binciken kammalawata kan farashin ma'adinai.

Batun harshe ma an warware mini shi cikin mutunci. Da na nuna cewa Hausa ce harshena na gida, ofishin ya nemo wani malami daga wata jami'a ya gwada ni a magana da karatu da rubutu, aka rubuta cewa na cika sharaɗin. Ba a ba ni kiredit a kansa ba, abin da ya kamata kowa ya lura da shi, domin ɗage sharaɗi ba ya rage komai daga 120 ɗin nan.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, don haka dole in faɗi inda aikin ya gaza. Shafin lissafin sharuɗɗa yana nuna kore ga abin da aka cika, ja ga wanda ya rage, ruwan ɗorawa ga wanda ake kan dubawa. Kwas ɗin ƙididdiga da na zo da shi daga tsohuwar kwalejina ya zauna da ruwan ɗorawa har shekara biyu. Sau biyu na tambayi ma'aikatan gaban ofishin, aka ce mini tsarin kwamfuta ne bai sabunta ba. Sai a watan Oktoba na shekarar ƙarshe, lokacin da na cika takardar neman yaye ni, wasiƙa ta zo daga ofishin magatakarda cewa ban cika sharaɗin lissafi ba, domin an shigar da kwas ɗin a sahun zaɓin rai tun ranar da na shigo. Na nemo manhajar kwas ɗin daga tsohuwar kwalejin, malamata ta rubuta takardar goyon baya, muka miƙa ƙorafi ga kwamitin da ke duba irin waɗannan al'amura. Kafin amsa ta fito rajistar zangon ƙarshe ta buɗe, sai na ƙara wani kwas na lissafi don gudun abin da ka je ya zo. Bayan mako biyar kwamitin ya amince da ƙorafin, na samu na janye kwas ɗin kafin a fara karatu. Kuskuren shigar da bayani abu ne da ke iya faruwa a ko'ina. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne a bar alamar “ana dubawa” shekara biyu ba tare da an ɗora wa wani mutum alhakin rufe ta ba, alhali ofishin jagoranci da na magatakarda suna gini ɗaya.

Akwai kuma bambanci tsakanin malaman jagora. Wasu abokan karatuna sun samu waɗanda sa hannu kawai suke yi, kuma idan malami ya tafi hutun bincike na shekara, ba kullum ake sanar da ɗalibansa wanda ya karɓe su da wuri ba. Ana iya neman canjin malami ta hanyar cika takarda guda, sai dai ofishin ba ya tallata wannan dama yadda ya kamata.

Ga wanda ya fara daga aji ɗaya a kwalejin, ina ganin hidimar ta wadatar, matuƙar ya ɗauki zaman da malaminsa da muhimmanci. Wanda ya zo da kiredit daga wata makaranta kuwa, ina ba shi shawarar ya nemi takarda a rubuce daga magatakarda tun zangonsa na farko, wadda ta fayyace sharaɗin da kowane tsohon kwas ya cika, sannan ya adana manhajar kowane kwas da ya taɓa yi. Haka kuma ya riƙe kundin ƙa'idojin shekarar da ya shiga, domin a kwalejinmu da shi ake yi wa ɗalibi hukunci ranar kammalawa, ko da an sauya sharuɗɗan daga baya.