Tsakuwar giranit da ta farin dutse: wacce ta dace da kankare a Sakkwato?

Na yi aiki da duka biyun a zubin kankare, kuma hukuncina shi ne: duk wurin da zai ɗauki nauyi, kamar ginshiƙi, linta da dekin, giranit ya cancanci kuɗinsa, duk da tsadar dakonsa.

Tsadar tana da dalili. Ƙasar Sakkwato shimfiɗaɗɗen dutse ne da ya kwanta hawa-hawa, wani a ƙarƙashin tekun da ya taɓa rufe yankin sama da shekaru miliyan 50 da suka wuce. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi daga nan ya samu, har ana ganin ɓawon halittun ruwa a jikinsa. Giranit kuwa narkakken dutse ne da ya huce sannu a hankali a cikin ƙasa, ƙwayoyinsa suka sarƙe da juna. Sai an nausa gabas, wajen Gusau da Kwatarkwashi, ake samun irinsa, shi ya sa kuɗin tifa ke cin rabo mai yawa.

Bambancin yana fitowa tun a kwaɓi. A haɗin 1:2:4, wato siminti kashi 1, yashi 2, tsakuwa 4, buhun siminti mai kilo 50 (kwanon sarki 2 ke nan) yana ɗaukar kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa, da ruwa kamar lita 25. Giranit ba ya shan ruwa sosai, yawanci ƙasa da kashi 1 cikin 100 na nauyinsa, don haka kwaɓin yana tsayawa yadda aka auna shi. Farin dutsen da na samu a nan kuwa yana da ƙananan ƙofofi da laka a jikinsa. Yana zuƙe ruwan, kwaɓin ya yi tauri kafin a kai shi cikin katako, lebura ya ƙara ruwa da ido. Nan ɓarnar take: ruwan da ya wuce kima yana rage ƙarfin kankare, lakar kuma tana hana siminti kama dutsen. A zafin Afrilu, da rana ke wuce digiri 40, abin ya fi muni.

Kafin a sauke tifa, a yi gwaji biyu. A karta dutsen da ƙusa: farin dutse zai yi zane har da gari, giranit ba zai nuna komai ba. Sannan a ɗiga masa ruwan lemun tsami. Farin dutse yana yin ƙananan kumfa. Wannan kumfar ce ta sa ba na sa shi kusa da masai ko ramin ƙazantaccen ruwa, domin tsami yana cin sa.

Ban yar da farin dutse ba. A ciko ƙarƙashin daɓe ko hanyar cikin gida yana aiki, kuma ya fi sauƙin fasawa. Amma a tankaɗe shi, a wanke, a jiƙa shi tun daren jiya.

Shi ma giranit yana da aibinsa. Wani lokaci yana zuwa da ƙura mai yawa ko falle-falle masu faɗi, waɗanda ke maƙalewa tsakanin rodi su bar ramuka. A nemi mai girman milimita 20 don dekin, kuma a riƙa ba zubin ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 7, musamman lokacin hunturu.