Makonni Huɗu Kafin Kirsimeti a Dresden

Yaya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da Mama da yara da dukan mutanen gida. A saƙonki na ƙarshe kin tambaye ni yadda ake shirin Kirsimeti a nan Jamus, da kuma ko gaskiya ne abin da ake faɗa cewa kayan Turai sun fi namu kyau da araha. Tambayar ta fi ƙarfin gaisuwar waya, shi ya sa na zauna na rubuto miki abin da idona ya gani.

A watan Disamba rana ba ta fitowa a Dresden sai wajen ƙarfe takwas na safe, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta faɗi, kuma ina ganin wannan dogon duhu ne ya sa mutanen nan suka mai da hankalinsu ga haske. Lahadi huɗu kafin Kirsimeti ake soma lokacin da suke kira Advent, wato jiran zuwan Almasihu. Kowane gida yakan naɗa koren rassan itace kamar gammo, a dasa kyandir huɗu a kai, ana ƙara kunna ɗaya kowace Lahadi. Wani malamin addini mai suna Johann Hinrich Wichern ne ya fara wannan a Hamburg a 1839, domin yara marasa galihu da yake riƙo su riƙa ƙirga kwanakin da suka rage. Ana sayar da gammon a kantuna, amma maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da ke bene na ƙasa, ta ce mini wanda aka naɗa da hannu ya fi daraja, ta kuma zaunar da ni a teburinta ta koya mini. Hannuna ya tuna yadda Kaka take kama zare in tana ɗinkin faifai, ban sha wahala ba.

Yaranmu ma sun kama. A makarantar renon yara, 'yar autata takan dawo kusan kullum da tauraro na takarda ko na kara, duk a karkace, mu kuwa mu rataye shi a taga. Na ɗinka musu ƙananan jakunkuna 24 da ƙyallayen atamfar da na zo da su, na sa alewa ko gyaɗa a cikin kowace, suna buɗe ɗaya kowace safiya daga 1 ga Disamba. Daren 5 ga wata kuma sukan goge takalmansu su ajiye a bakin ƙofa, domin al'adar ranar Nikolaus, wani waliyyin Kirista da ake tunawa da shi washegari, da safe su tarar da lemo da cakulan a ciki. Kuɗin duk wannan bai taka kara ya karya ba, amma murnar da suke tashi da ita ba ta gaza wadda muke yi da sabon ɗinki muna yara ba.

Inda na fi so ki saurare ni shi ne zancen kasuwa. A tsakiyar gari ake cin kasuwar Kirsimeti mai suna Striezelmarkt, wadda tarihinta ya faro tun 1434. Rumfunan katako ne jere, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne kayan sassaƙa da ake kawowa daga duwatsun Erzgebirge, kusa da iyakar ƙasar Cek. Akwai wani ƙauye a can mai suna Seiffen wanda muka ziyarta bara, labarinsa kuma ya taɓa ni domin ya yi kama da namu na Jos. Mutanensa mahaƙa kuza ne. Da kuzar ta ja baya har aka daina haƙarta a ƙarni na 19, sai suka koma ga itacen dajin da ke kewaye da su, suka riƙe sassaƙa a matsayin abin ci da iyali. Na tsaya na kalli wani masassaƙi yana juya zoben katako a kan inji, yana fafe shi da ƙarfe ciki da waje, ba ka ganin siffar komai, sai da ya sauke zoben ya riƙa yanka shi sala-sala, kowane yanki ya fito tunkiya ko doki. Suna kuma yin wani baka na katako da ake jera fitilu a kansa a ajiye a taga, wanda aka ce ya samo asali daga marmarin haske da mahaƙa suke yi, tun da sukan shiga rami kafin gari ya waye su fito bayan duhu. Ina tsaye a wurin na tuna kududdufan da haƙar kuza ta bar mana a Bukuru da Rayfield, na kuma tuna dukawan Naraguta da jakunkunan fatarsu, waɗanda gwanintarsu ba ta gaza ta waɗannan ba ko kaɗan.

Bambancin yana wajen farashi da mutunci. Ɗan mutum-mutumin katako da bai wuce tsawon tafin hannu ba, in aikin Seiffen ne, kuɗinsa ya ninka na irinsa da aka yi a masana'anta sau da yawa, kuma mutane suna saye ba ciniki, su adana shi shekaru har jikoki su gada. Dalili shi ne lokacin ɗan Adam a nan yana da tsada. Doka ta kafa mafi ƙarancin albashi, wanda a 2025 ya kama Yuro 12.82 a kowace awa, kuma mai sana'a yakan yi kimanin shekara uku yana koyo kafin ya sami takardar shaida. Don haka abin da inji ya yi, kamar rigar sanyi, fitilun ado da kayan wasan roba, araha ne idan aka auna da abin da mutum yake samu, abin da hannu ya taɓa kuwa sai mai hali. A gida al'amarin a juye yake: muna taya masaƙi da mai faifai har sai ransu ya ɓaci, sa'an nan mu biya kuɗi mai yawa a kan kwanon roba da aka shigo da shi. Wannan yana damuna ƙwarai, kuma ni ma na yi irin wannan tayin sa'ad da nake gida.

Nan ne kuma muke jin rashin ku. Yanzu na san kin riga kin kai atamfar yara wurin tela, kina ta bin sa kada ya saɓa alkawari, matan zumunta kuma sun fitar da anko. A nan ba wanda yake ɗinka kayan Kirsimeti. Abin da na biya don a rage wa maigida tsawon wando guda ya sa na sayi tsohon keken ɗinki, ina yi da kaina. Gaskiya ne in mai gyara ya ce ranar Alhamis, to ranar Alhamis ɗin ce, kuma wannan abin koyi ne, amma ba zai auna ki ya fitar da riga daidai jikinki a kan kuɗin da talaka zai iya biya ba. Kitso ma haka yake, sai an nemi rana tun makonni kafin lokaci.

Wajen abinci ba watanda, ba kuma kaza mai rai da za a kamo a kasuwa. Nama a yanke yake cikin leda da nauyinsa a rubuce. Abin alfaharinsu shi ne wani burodi mai nauyi da ake kira Stollen, mai busasshen inabi da man shanu, wanda ƙa'ida ta ce nauyin man ya kai aƙalla rabin na fulawa kafin a kira shi na Dresden. Akan gasa shi da wuri a ajiye makonni ya kwanta kafin a yanka. Kantuna ba sa buɗewa ranar Lahadi in ban da 'yan kwanaki da hukuma ta ware, ranar 24 ga wata kuma sukan rufe da ƙarfe biyu na rana, su zauna a rufe 25 da 26, don haka wadda ta manta shinkafa sai ta yi haƙuri.

Daren 24 shi ne babban biki a wurinsu, kuma na iyali ne kaɗai. Bayan sujada kowa ya shige gida ya rufe ƙofa, titi ya yi tsit. Shekarata ta farko na yi kuka, domin na tuna yadda Mama take ɗora mana kwanukan shinkafa da miya mu kai wa maƙwabtanmu Musulmi, su ma su aiko mana da naman layya in lokacinsa ya yi. Amma a makon jiya dattijuwar nan ta hauro da gwangwani cike da biskit da ta gasa da hannunta, ni kuma na mayar mata da gwangwanin cike da cincin. Ta tambaye ni yadda ake yi, mun sa ranar Asabar za mu soya tare.

Ina da roƙo. In Kawu zai aiko da saƙo, a sayo mini faifai huɗu, ƙwarya biyu masu zane da ƙananan jakunkunan fata na Naraguta, ina so in ba malaman yara da maƙwabciyar nan. Don Allah a biya masu su abin da suka faɗa, kada a taya, zan turo kuɗin. Kada a sa kilishi, domin dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama a irin wannan saƙo. Ki gaishe mini da Mama da kyau, ki gaya mata jikokinta sun iya waƙar Kirsimeti ɗaya da Hausa, za su rera mata a waya ranar 25.

Ƙanwarki.