Sharhi Kan Horon Karanta Zanen Gini da Na Halarta a Tawa

Wani injiniyan gine-gine a nan Tawa yana shirya ɗan gajeren horo domin masu niyyar gina gidan zama, wato mutanen da gini ba sana'arsu ba ce amma aljihunsu ne zai ɗauki nauyinsa. Na shiga ne saboda ƙanena da ke Abijan ya ɗora mini kula da ginin gidansa, kamar yadda ake ɗora wa da yawa daga cikinmu a Adar, inda kuɗin gini ke zuwa daga 'yan ci-rani, mai kuɗin kuwa ba ya ganin aikin sai a hoton WhatsApp. A ganina horon ya ci kuɗinsa a fannin karanta zane, amma ya gaza a fannin da ya shafi irin ginin da yawancin mutanen garin nan ke iya yi.

Malamin ya fara da ma'auni. Idan an rubuta 1/100 a ƙasan zane, santimita 1 a takarda daidai take da mita 1 a fili, idan kuma 1/50 ne, santimita 2 ce ke tsayawa a madadin mita 1. Ya ja mana kunne cewa kada mu ɗora abin awo a kan zanen da aka kwafa da na'ura, domin na'urar tana iya rage shi ko ƙara shi, don haka lambar da aka rubuta ita ce abin dogaro. Daga nan ya nuna mana abin da ke yawan haddasa gardama tsakanin mai gida da magini, wato inda awon ya fara da inda ya tsaya. Ɗakin da aka rubuta wa mita 4 daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango, idan da bulo mai kaurin santimita 15 aka gina shi aka kuma yi masa shafe ciki, abin da zai rage bai wuce mita 3 da santimita 82 ba. Mai gida sai ya ɗauka an cuce shi, alhali haka zanen ya faɗa tun farko.

Inda horon ya fi amfani shi ne bayanin cewa zanen gida ba takarda ɗaya ba ce. Wadda kowa ya sani, mai nuna ɗakuna da ƙofofi da tagogi, ana zana ta ne tamkar an yanke gidan a kwance, kusan mita 1 daga daɓe, ana kallonsa daga sama. Akwai kuma wadda aka yanke gidan daga rufi zuwa harsashi, kuma ita ce ke nuna zurfin harsashin, da tsayin rufi, da yawan tashin daɓen gida a kan hanyar da ke gabansa. Malamin ya daɗe a kan wannan batu na ƙarshe, kuma da gaskiyarsa, domin duk wanda ya ga ɓarnar da ruwan daminar 2024 ya yi wa gidaje a jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram ya san makomar gidan da daɓensa ya yi ƙasa da hanya.

Takarda ta uku ita ce ta ƙarafa, wadda a da nake wuce ta saboda cunkoson lambobinta. Ashe rubutu irin 4HA12 ba ya nufin komai sai sandunan ƙarfe 4 masu kaurin milimita 12, sannan a gefensa akan rubuta kaurin ƙananan ƙarafan da ke ɗaure su da tazarar da za a bari a tsakaninsu. Ya koya mana cewa kankaren ginshiƙi yakan buƙaci kilo 350 na siminti a kowane awon kankare mai mita 1 a tsawo, mita 1 a faɗi da mita 1 a zurfi, wato buhu 7 masu kilo 50, kuma dole kankaren ya lulluɓe ƙarfe da kusan santimita 3 don kada tsatsa ta kama shi. Ana shayar da kankaren ruwa na aƙalla mako guda, ƙarfinsa kuwa sai ya kwana 28 yake cika. Ya kai mu wani gini da ake kan yi, ya sa kowannenmu ya ƙirga ƙarafan ginshiƙi ya gwada da takarda kafin a zuba kankare, yana cewa, “Alhazai, bayan an zuba babu wanda zai sake ganinsu, sai ranar da bango ya tsage.” Wannan ziyarar kaɗai ta biya ni. Lissafin bulo ma ya zo da sauƙi, tunda mai tsawon santimita 40 da tsayin 20 guda 12 da rabi ne ke cika murabba'in mita ɗaya na bango.

Sai dai zanen da aka yi mana misali da shi ba na ƙasar nan ba ne. Gida ne mai manyan tagogin gilashi suna fuskantar yamma, babu zaure, babu tsakar gida, ƙofar makewayi kuma tana kallon falo. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, kuma ruwan sama ke zuwa da iska daga gabas, ya kamata a ce an ware zama guda domin inda za a fuskantar da gida da inda za a sa taga. Haka kuma ba a ce uffan ba game da tubalin laka ko dutse, duk da cewa Adar ƙasar dutse ce, kuma kusancinmu da masana'antar siminti ta Malbaza bai sa kowa ya iya ginin bulo daga ƙasa har sama ba. Wanda ya zo da niyyar aza harsashin dutse ya ɗora bangon laka ya koma gida da tambayoyinsa.

Batun izinin gini an wuce shi da sauri, an dai ce mu je ma'aikatar magajin gari da takardar fili da zanen. Takardun da aka raba mana kuwa duk da Faransanci suke, alhali da Hausa aka yi bayani, har wasu dattawa biyu da ba su yi boko ba suka riƙa neman a karanta musu.

Ina ba da shawarar horon ga duk wanda aka damƙa wa amanar ginin bulo da kankare, musamman idan mai kuɗin yana nesa. Ya tafi da zanen gidansa na kansa da abin awo, domin malamin yana karɓar tambayoyi a ƙarshen kowane zama, kuma a kan zanen mutum ne yake amsa su dalla-dalla.